Doka A Abuja, Ciniki A Masama

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, mutane da dama a Masama, cikin ƙasar Gwandu, suka rungumi ciniki ta waya da na'urar POS. Dokoki kuwa akwai su. A 2020 Babban Bankin Nijeriya ya umurci bankuna su mayar da kuɗin da suka maƙale a POS cikin awa 72, a Yunin 2023 kuma aka zartad da Dokar Kare Bayanan Jama'a. To, amma manomin da kuɗin geronsa suka maƙale, ina zai kai kuka? Lalle ne hukuma ta fassara dokokin nan da Hausa, ta kuma buɗe ofishin karɓar ƙara a Gwandu, domin dokar da talaka bai sani ba, ba ta kāre masa dukiya.