Wa Ke Riƙe Da Wannan Manhaja?

A zamanin En'e, idan rijiya ta rufta a wani ƙauye na ƙasar Dutsi, ba a shan wahalar neman wanda za a tambaya. Mai unguwa yana nan, bisansa dagaci, bisan dagaci hakimi. Malaman haraji kuwa suna riƙe da littafin sunayen magidanta gari-gari. Ba begen haraji muke yi ba. Gwamnatin Balarabe Musa ta soke shi tare da jangali a 1979, muna cikin Jihar Kaduna, talakawa suka yi hamdala. Littafin kawai muke tunawa.

To, yau aikin ofis yana komawa cikin kwamfuta. Akwai manhajar biyan albashi, akwai ta karɓar kuɗin shiga, akwai ta rajistar ɗalibai. Amma ran da ɗaya ta tsaya, sai a shiga kallon juna. Ɗan kwangilar da ya kafa ta ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ɗan bautar ƙasar da ya san kalmar sirri ya gama shekararsa, akawun da ya iya ta an yi masa canjin wurin aiki. Mun ga ofishin da aka kwana goma ana cigiyar mutum guda, ma'aikata na jiran albashi, ga salla ta matso.

Manyan kamfanonin duniya ma sun sha wannan. Kamfanin Spotify na ƙasar Suwidin, da manhajojinsa suka yi masa yawa, sai ya gina Backstage, ya sake shi kyauta a 2020. Gindin abin ɗan bayani ne da ake liƙa wa kowace manhaja: sunanta, aikinta, da sashen da ke da alhakinta.

Ƙaramar hukuma ba ta bukatar ko rabin wannan. Shafi ɗaya ya isa, a rubuta sunan manhaja, jami'in da ke riƙe da ita da mataimakinsa, inda aka ajiye kwafin bayananta, da ranar da kuɗin hayarta zai ƙare. Kada a ba da kwangilarsa, ɗalibi ɗaya zai iya haɗa shi a hutun zango. Wuyar tana ga sabuntawa. Saboda haka muna kira ga ƙananan hukumomin shiyyar Daura, kada a sa hannu a takardar miƙa aiki ta kowane jami'i sai an goge sunansa a shafin, an rubuta na magajinsa.