Ƙona Sharar Asibiti a Jigawa: A Gwada Hayaƙin Tukuna

Kowace rana asibitocin Jigawa ta tsakiya, daga Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni a Dutse zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu da babban asibitin Jahun, suna fitar da allurai da auduga mai jini da ledojin ƙarin ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 15 cikin ɗari na sharar asibiti na da haɗari. A ƙasar nan, abin da aka saba shi ne a cinna mata wuta, da ta zama toka sai hankali ya kwanta.

Mu dai a ganinmu toka ba shaida ba ce. Ƙa'idar murhun zamani ita ce zafi ya kai digiri 850, hayaƙin kuma ya yi daƙiƙa biyu a ɗakin ƙuna na biyu kafin ya fita. Wutar rami ko ta ganga ba ta kai nan. Jiƙaƙƙiyar shara tana rage ƙarfin wuta, kuma idan aka loda murhu bai gama ɗaukar zafi ba, iska na iya awon gaba da ɓurɓushin da bai ƙone ba. Ga kuma gubar dioxin da roba ke fitarwa idan wuta ta yi rauni, wadda yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta wajabta ragewa.

Hanyar gwada ko murhu na kashe ƙwayoyin cuta sananniya ce. Masana kan cusa ƙwayoyin Bacillus marasa cutarwa, masu tsananin jure zafi, cikin sharar. Bayan an ƙona, sai a ɗebi samfurin hayaƙi daga bututu, a ɗebi toka, a raina su a ɗakin gwaje-gwaje. In ƙwayoyin sun tsiro, murhun ya gaza. In ba su tsiro ba, akwai hujjar cewa ƙwayoyin cutar da ba su kai su tauri ba sun mutu.

Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta jihar da hukumomin kare muhalli na JISEPA da NESREA su haɗa hannu da masana na Jami'ar Tarayya ta Dutse a yi wannan gwaji sau biyu a shekara, da damina lokacin da shara ke jiƙewa, da kuma hunturu lokacin da iska ke kaɗawa. A sa wa kowane murhu ma'aunin zafi, a horar da ma'aikatan da ke kula da shi, a ba su safar hannu da takunkumi. Sannan a bayyana sakamakon a fili, domin maƙwabtan asibiti da majinyata su ne ke shaƙar hayaƙin, kuma haƙƙinsu ne su san abin da ke cikinsa.