Tsufan Waƙa Ba Ya Tsarkake Ta

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ku matasa, wata hujja ta yaɗu a majalisun Yakasai: wai tarin tsofaffin waƙoƙin soyayya na Amurka, irin na Marvin Gaye da Lionel Richie, waɗanda masu turi ke zuba muku a waya, ba su da laifi tunda babu ashar, babu tsiraici. To, yaushe tsufa ya zama tsarki? Ai giya in ta daɗe ƙarfi take ƙarawa.

Ku san asalin abin. Sunan wannan kiɗa "soul", wato ruhi, kuma daga coci-cocin baƙaƙen fatar Amurka ya samo tushe. A 1954 Ray Charles ya ɗauki karin waƙar coci ya ɗora masa yabon mace, har Kiristoci da yawa suka yi tir da shi. Su sun hango ɓarnar, kai Musulmi ka ce ba ka gani ba? Ƙanƙan da kai da kukan da suka dace da Mahalicci aka miƙa wa abin halitta, kai kuma kana maimaitawa cikin sulusin dare, lokacin tahajjudi.

Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah Ya ƙara masa yarda, ya rantse cewa waƙa ake nufi a aya ta 6 cikin Suratu Luƙman. Kowa ya gwada kansa: in ya kabbara sallah, me ke riga zuwa zuciyarsa, aya ko amshi?

In da gaske kake son yarinyar, hanyar gidan waliyyinta ba ta ɓace ba. Tura magabata.

Allah Ya shiryar da mu, amin.