Lasifika mai bakin kakaki a falo: ki duba kunnen yaranki kafin maigida ya biya kuɗi

Watan da ya wuce maigidana ya dawo daga kasuwa da akwatunan sauti guda biyu, kowanne da wani baki a samansa mai kama da na kakaki. Yana murna, ni kuwa idona na kan autata mai wata tara da ke rarrafe a tsakar falo.

Kin san irin lasifikar nan. Ita ce a saman masallaci da kan motar masu tallar magani, kuma kakanninmu sun san ta a jikin garmaho. Maƙogwaronta siriri ne, bakin yana ta buɗewa, kamar yadda kike haɗa tafukan hannu a baki idan za ki ƙwala wa yaro kira. Wannan siffar ce ke sa ƙaramin ƙarfi ya zama babban sauti.

Ba zan ɓoye alherinta ba. Ba ta cin wuta. Wani injiniya a Amurka, Paul Klipsch, ya fara ƙera irinta ta cikin gida a 1946, mai suna Klipschorn, har yau ana yin ta. Da wat 1 kacal tana ba da kusan desibel 105, alhali lasifikar gida da aka saba ba ta cika wuce 85 zuwa 90 ba. Ga gidan da ke dogaro da sola ko batir, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Kuma tana harba sauti gaba ne kai tsaye, ba ya yawo yana dukan bango, shi ya sa magana ke fita tar. Surukata, wadda kunnenta ya fara nauyi, ta ce rabonta da jin tafsiri sarai haka an jima.

Sai dai ba ta iya sauti mai kauri, irin na ganga, sai an yi ta ƙatuwa. Shi Klipsch naɗe kakakin ya yi cikin akwati, ya sa a jingina shi a kusurwar ɗaki don bango biyu su ƙarasa masa aikin. Na kasuwarmu yawanci siririn sauti kaɗai kakakin ke fitarwa, masu arha kuwa tsawa suke yi kamar ana goga ƙarfe, balle a falo mai tayil da babu labule ko kafet.

Abin da ya fi damuna a matsayina na nas shi ne kunne. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi waɗanda ke ɗaukar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa tana kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Babu allura, babu ɗigon magani. A ƙa'idar wuraren aiki, desibel 85 awa 8 ne iyakarsa, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, kafin a kai 100 saura minti 15. Wannan lissafin manya ne fa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada abin da yara ke saurara ya wuce desibel 75 na awa 40 a mako. To ki haɗa wannan da lasifikar da ɗan murɗi kaɗan ke kai ta 100, an kuma ajiye ta a ƙasa, bakinta daidai kan mai rarrafe. Ramin kunnen jariri ƙarami ne, ƙarar ta fi dukansa fiye da yadda take dukanki, ga shi ba shi da bakin cewa a rage.

Na taɓa karɓar wani yaro ɗan shekara shida da uwarsa ta kawo, wai taurin kai ya yi masa yawa, sai an kira shi sau uku. Ta sha dukansa a kan haka. Da aka gwada, kunne ɗaya ne ya yi rauni. Ba zan iya rantsewa ƙara ce ta jawo ba, amma ta gaya min wurin zamansa kullum gindin lasifikar shagon babansa ne. Kukan da ta yi a ranar har yanzu ina tuna shi.

Ban sa maigida ya mayar da kayansa ba, don gaskiya suna da daɗin saurare. Mun ɗora su a kan kanta sama da tsayin yara, bakin yana kallon kujerar manya, muka shimfiɗa kafet, na kuma ɗiga jan farce a kan maɓallin ƙara, iyakar da ba a wucewa. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: idan sai na ɗaga murya kafin wanda ke nesa da ni da tsawon hannu ya ji ni, ƙarar ta yi yawa. Haka a gidan biki ko suna, kada ki zauna da goyo kusa da kayan DJ, ko da nan ƙawayenki suke.

Idan yaronki ya fara cewa kunnensa na ƙara bayan an kashe sauti, ko yana yawan cewa "me?", ko yana matsawa jikin talabijin, ki kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro a gwada jinsa. Gwajin ba ya ciwo, kuma ko jariri ana yi masa.