Ba wake ne maƙiyinki ba, shayin rage tumbi ne

1/ Jama'a, mu faɗa wa juna gaskiya. A hostal, duk wadda ta fara rage ƙiba sai ta koma aya, gugguru da wake. Kwana biyu ciki ya kumbura, sai ta watsar da su ta sayi shayin rage tumbi. Haba!

2/ Kumburin nan yawanci ba cuta ba ne. Ƙwayoyin halittar da ke hanji ne ke cin faiba, su fitar da iska. Cikin da ya saba da taliya da burodi, rana ɗaya ki danƙara masa rabin mudun aya, me kike tsammani?

3/ Shayin kuwa, da yawansu filasko ne a ciki. Gudawa kawai yake sa ki. Ruwa kika zubar, kitse na nan daram.

4/ WHO ta ce babba na buƙatar aƙalla giram 25 na faiba kullum. Ki ƙara kaɗan-kaɗan cikin makonni, ki sha ruwa sosai, ki jiƙa wake ki zubar da ruwan kafin dafawa.

5/ Gyaɗa ma a yi hattara: giram 100 ta haura kalori 550. Cikin tafin hannu ya isa.

6/ In ciwo ya tsananta ko kika ga jini, asibiti za ki, ba wajen mai talla a Instagram ba.