Wa Ya Haramta Koyar da Turanci da Hausa?

Kwanakin baya na leƙa wani aji biyar na firamare a wani ƙauye da ke tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma. Yara sun haura saba'in, rabinsu a ƙasa. Malam ya buga tebur, aji ya ɗauki karatu da murya ɗaya, suna rera ma'anar "noun" kamar masu tilawa. Ba wanda ya yi tuntuɓe. Da aka fita tara na kira wata yarinya da muryarta ta fi ta kowa tashi, na ce ta nuna mini "noun" guda a cikin ajin. Ta dubi allo, ta dubi tebur, ta dubi takalminta, ta sunkuyar da kai. Na ce, "To, faɗa mini sunan abu uku da kike gani." Kafin in rufe baki ta lissafa bakwai. Ashe shekara uku tana haddar abin da ta sani tun tana goye, ba wanda ya taɓa ce mata "noun" ɗin nan suna ne.

Na tambayi malamin dalili. Ya ce, "Ranka ya daɗe, in mai duba makarantu ya ji ina Hausa a darasin Turanci, ai na shiga uku."

Wannan ita ce aƙidar da ta zauna daram a makarantunmu: wai Turanci ba ya koyuwa sai da Turanci, Hausa kuwa "banakula" ce, monita na rubuta sunan duk wanda ya yi ta. Iyaye ma sun hau, domin makarantar kuɗi da ta fi tsananta dokar ita ce ta fi tsada. Gwamnati kuma ta sa hannu. A Nuwamban 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya, zamanin Malam Adamu Adamu, ta amince a koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare. A Nuwamban 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar an soke wannan, Ingilishi kaɗai daga ajin farko, bisa hujjar cewa yankunan da suka rungumi harshen uwa su ne ke faɗuwa WAEC da NECO da JAMB. Ina so a nuna mini littafin lissafi ko na kimiyya na Hausa da aka raba a garuruwan yankin Kurfi da Dutsin-Ma irin su Birchi ko Karofi cikin waɗannan shekaru uku. An ɗora wa maganin da ba a sha ba laifin mutuwar majiyyaci.

Abin da ke ba ni mamaki, mu ne mutanen da bai kamata a ruɗa da wannan magana ba. Ɗaruruwan shekaru ke nan ana koyar da nahawun Larabci a zaurukan ƙasar Katsina, kuma da Hausa ake yi. Almajiri ya ja baƙin Ajurumiyya, malam ya fassara kalma kalma, ya ce wannan fa'ili ne, shi ya aikata, wannan maf'uli ne, a kansa aikin ya faɗa. Daga nan a wuce Alfiyya ta Ibn Malik. Irin wannan karatu ne ya fitar da malaman da suka zauna suka wallafa littattafan nahawu da Larabci, irin su Abdullahi ɗan Fodiyo. Ba a taɓa jin malamin zaure ya ci almajiri tara don ya yi Hausa ba. Larabci mai i'irabi da sarfu ya koyu ta bakin Hausa, sai Turanci ne zai gagara?

Su ma tsofaffin da ake kafa mana misali da Turancinsu, ta wannan ƙofa suka shiga. Makarantar da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa ta fara. 'Yan elementare na lardunan Arewa sai sun iya karatu da rubutu da Hausa kafin a ɗora musu Ingilishi sosai a Midil. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda har gobe ake sauraron jawabansa don daɗin lafazi, shi ne ya rubuta Shaihu Umar da Hausa. Alhaji Isa Kaita, da Kwalejin Ilimi ta Dutsin-Ma ke ɗauke da sunansa, ɗan wannan tsari ne. A ƙasar Yarabawa kuma, gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya fara a Ife a 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarabanci tsawon firamare, Ingilishi na matsayin darasi a hannun ƙwararren malami, ba su gaza takwarorinsu ba ko a Ingilishin kansa.

Mu zo ga aikin aji, inda maganar take. Duk malamin da ya taɓa duba insha'in yaran nan ya ga "Musa he went". Jan biro yake sa wa, gobe a maimaita. Yaron bai yi shirme ba, Hausa ya bi: "Musa ya tafi". A Hausa dole "ya" ta biyo bayan suna, ita ke ɗauke da jinsi da lokaci, aikatau kuwa yana nan yadda yake: ya tafi, zai tafi, yakan tafi. Turanci ba shi da wannan ɗan rakiya, aikatau ɗin ne ke sauya riga, "go" ya koma "went". Minti biyar na wannan bayani da Hausa ya fi zangon karatu guda na jan biro. Haka "the" da ke wahalar da har 'yan jami'a. Rubuta "yaro" da "yaron", "mota" da "motar" a allo, ka tambayi aji bambancinsu. Za su gaya maka na biyun an san wanda ake nufi. Ka riga ka yi rabin darasin.

Alamomin rubutu ma haka. Yaro na jin "comma" yana ɗauka ado ne da ake yayyafawa kamar gishiri. Rubuta masa "Ba na so ka tafi", a ƙasa ka rubuta "Ba na so, ka tafi". Ta farko roƙo ce a zauna, ta biyu kora ce. Ɗan waƙafi guda ya raba masoyi da maƙiyi, kuma wanda ya gani da harshensa ba ya mantawa.

Kada wani ya ce ba mu da kalmomin. Muna da suna, aikatau, sifa, bayanau, wakilin suna da mahaɗi. Muna da aya, waƙafi, ruwa biyu, baka biyu, karan ɗori, alamar tambaya da alamar motsin rai, ga jimla da sakin layi. Farfesa M.K.M. Galadanci ya fitar da littafin nahawun Hausa tun 1976, Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya shirya ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi a 1990. Kayan aikin suna kan kanta, ƙura kawai suke sha, saboda malamin Hausa da malamin Turanci a makaranta ɗaya sai ka ce kishiyoyi.

Na yarda da abu ɗaya: harshe sai da furtawa. Yaro na buƙatar jin Turanci, ya yi magana da shi, ya karanta labarai, kuma takardar jarrabawa da Turanci za ta zo. Akwai kuma malamin da zai fake da Hausa saboda shi kansa bai iya Turancin ba. Maganinsa horo ne. Dokar hana Hausa ba ta ƙara masa ko kalma guda, iyaka ta mai da shi mai kwafar littafi zuwa allo, yara na kwafa daga allo zuwa littafi, ba wanda ya fahimci wani.

Dutsin-Ma na da Kwalejin Isa Kaita mai yaye malaman firamare, tana da Jami'ar Tarayya tun 2011. Malaman Hausa da na Ingilishi na waɗannan wurare biyu su zauna tebur guda su fitar da ɗan littafi, ko shafi arba'in ne, kowace kalmar nahawu da alamar rubutu ta Turanci a gefen takwararta ta Hausa, da misalai irin na bakin yaranmu. A ba kowane ɗalibin NCE kafin ya fita koyon aikin koyarwa. Sakatarorin ilimi na Kurfi da Dutsin-Ma kuma, don Allah ku gaya wa masu duba makarantu su daina kafa kunne a taga suna farautar Hausa. Su shiga ajin, su kira yaro guda, su ce ya nuna musu suna.