Batir Ya Mutu, Inji Yana da Rai

Idan ka ratsa unguwannin Hausawa a Fatakwal, ko Anacha, ko Inugu, dubi kayan aikin masu sana'a. Mai aski yana riƙe da injin aski na caji. Mai shayi da mai tsire sun rataya fitilar caji. Wutar lantarki ba ta da tabbas, don haka waɗannan kaya su ne jarinsu.

Wata rana sai injin ya daina riƙe caji. Wuƙarsa tana da kaifi, motarsa lafiya lau, batir ne kaɗai ya gaji. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin ƙarfin batirin litiyam yana raguwa bayan an yi masa caji sau ɗaruruwa. Yawanci ma ƙaramin abu ne, irin wanda ake kira 18650, mai kaurin milimita 18 da tsawon milimita 65. Laifin yana wurin wanda ya manne murfin da gam, ko ya ɗaure shi da kusoshin da babu mabuɗinsu a hannun masu gyara. Mai askin ya kai shi kasuwar Ogbete a Inugu, mai gyara ya juya shi, ya girgiza kai, ya ce, "Malam, sai dai sabo." Cinikin kwanaki ya tafi ke nan, injin kuma ya koma juji.

Dabarar tsohuwa ce. A 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki, har da Osram da Philips, sun haɗu a Janeba suka amince kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci. Faransa ta mai da gajarta ran kaya da gangan laifi a 2015. Tarayyar Turai kuma ta yi doka a 2023 cewa daga 2027 dole mai kaya ya iya cire batirin yawancin ƙananan na'urori ya sa wani.

Kamfanoni sukan ce batirin litiyam yana kama wuta idan aka huda shi. Gaskiya ne. Amma a ganina maganin wannan shi ne murfi mai buɗuwa da mai gyara da ya ƙware.

Kafin irin wannan doka ta zo mana, idan ka shiga Babbar Kasuwar Anacha sayen fitila, juya ta ka nemi kusoshin murfinta, sannan ka tambayi mai shago ko yana sayar da batirinta daban.